Faɗan Inna da Akuya

Maigidana tela ne, kuma mutumin kirki, sai dai Allah ya jarrabce shi da son araha. Ba rowa ba ce, don abin da yake ɓatarwa wajen bin arahar ya fi abin da zai kashe da ya sayi mai kyau tun farko. Shi dai ya ji an ce wani abu ya faɗi a kasuwa, sai jikinsa ya hau rawa. Ranar kasuwar Gwiwa ba ya ɗinki, ko da kayan amarya ne a kan keke. Zai fita da hantsi hannu rabbana, ya dawo da la'asar da wani abu a aljihu, ni kuwa tun daga irin sallamar da zai yi a zaure nake gane yau ma an yi ciniki.

A shekarun da 'yan emfi suka cika gari, ƙananan akwatunan nan da ake soka wa memori su yi ta waƙa ko karatu, sai ciwon nasa ya koma kansu. Ta farko da ya kawo ba ta magana sai an kifa ta. Wata tana magana, amma zafi take ɗauka, har kazata ta gano haka ta riƙa kwanciya a kanta. Akwai wadda in ka ƙara mata murya sai ta canza waƙa, in ka canza waƙa sai ta kunna tocila. Duk wadda na yi ƙorafi a kanta sai ya ce da na ji yadda aka bar masa ita da ban ce komai ba. Memori kuwa a gwangwanin madara yake tara su, ƙanana kamar farcen jariri. Akwai wanda ya saya a hannun wani mutumin Nijar, yana ta alfahari wai kayan sefa ne, kuɗin can Nijar, ba a yin jabunsu. Da muka kunna, wani bawan Allah ne yake tari tun daga farko har ƙarshe. Malam, maigidan nawa, ya saurara da kyau, ya ce ko ba komai muryar ta fita tas.

Ni ba mai fita ba ce. Ba hana ni aka yi ba, haka Allah ya yi ni. In ba biki ko rasuwa ta dole ba, ƙofar gida ma sai ta daɗe ba ta gan ni ba. Daga gindin murhu nake sanin garin da kunne: babur ɗin wane ne ya wuce, matar wa ke daka, ɗan wa aka mara.

Gidan mahaifiyata, Inna, yana bayan namu, lungu ɗaya ya raba. Ni ce 'yar farinta, don haka kamar sauran matan zamaninta ba ta taɓa kama sunana ba. Ina ƙarama ni ce "ke". Da na girma na zama "waccan". Da na yi aure na koma "ta gidan tela". In wata mai irin sunana ta zo gidan, sai Inna ta laƙaba mata wani sunan a take, ko matar ta so ko ba ta so ba. Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi. Ƙannena kuwa sunansu a bakinta yake kamar goro.

Da ido ya fara yi wa Inna rauni, Malam ya ce a kai mata emfi ɗaya ta riƙa jin karatu. Bai kai da kansa ba, don shi da surukarsa gaisuwa ce kawai daga bayan labule, shi a durƙushe, ita da murya ƙasa ƙasa kamar mai azumi. Ni na kai mata. Na nuna mata maɓallin kunnawa, ta ce ta gane. Bayan kwana biyu ta aiko a faɗa wa ta gidan tela cewa abin nan kurma ne, ta danna ta danna bai ce komai ba, amma an gode.

Allah ya yi wa Inna rasuwa a damina. Da aka zo raba 'yan kayanta, babu wanda ya waiwayi emfin, sai ƙanwata ta jefa min ita a cikin ƙullin zannuwa. Sai bayan an sha arba'in na kunna ta, ina tsintar wake, don in ji ko da gaske kurma ce. Ashe jan maɓalli Inna ta riƙa dannawa, na ɗaukar murya. Yawanci ba komai a ciki sai ƙarar tabarma da zakara. Amma akwai guda ɗaya mai tsawo.

Inna ce take faɗa da akuyarta a kan sabulu.

Ba zagi take yi ba, shari'a take yi. Ta fara da tambayar akuyar ko an hana ta dusa a gidan nan. Ta yi shiru tana jiran amsa. Ta tuna mata cewa uwarta a Roni aka sayo ta, mutuniyar kirki, har ta bar duniya ba a taɓa kama ta da kayan wani ba. Ta ce uban ne dai ba a san asalinsa ba, bunsurun kan hanya. Ta tambaye ta me ta ji a cikin sabulun, gishiri ko manda. Kuma duk bayan 'yan maganganu sai ta dawo kan tambaya ɗaya, da wata irin murya ta alƙali: "Ke da wa kika yi shawara?" Akuyar kan ce me, Inna ta ce ƙarya take yi.

Na yi dariya har waken ya zube. Daga nan faɗan ya ƙare, sai ƙarar tsintsiya, ta daɗe tana shara. Na kusa kashewa. Sai na ji ta zauna, da 'yar ƙarar nan da gwiwarta ke yi, ta sauke numfashi. Muryarta ta yi laushi. Ta ce wa akuyar, awakin mutane duk sun tafi kiwo, ke kina nan gindin murhu. Sai ta kama sunana. Sunana na yanka, cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Ta ce, ke da wance Allah ya haɗa ku hali, ita ma tun tana rarrafe ba ta son ƙofar gida. Ta ƙara da cewa, amma dai ita ba ta taɓa ci min sabulu ba.

Iyakar yabon da na taɓa samu daga bakin Inna ke nan, kuma ya ishe ni.

Ban gaya wa kowa ba. Kunyar da ta ji shekara da shekaru sai ta dawo kaina. Na ga kamar in na bari wani ya ji, na tona mata asiri. Na sa emfin a ƙarƙashin katifa, in gida ya yi shiru da rana in ɗauko, in bi faɗan tun daga farko, don abin ba ya tsallakewa, in ka matsa gaba tocila yake kunnawa. Sai na saurari shari'ar duka da sharar duka kafin in kai wurin.

Ana haka sai mai turi na kasuwarmu ya yi garaɓasa. Mai turi shi ne mai kwamfutar da ake kai wa memori ya zuba waƙoƙi ko wa'azi. Ya yi shela cewa duk wanda ya kawo tsofaffin memori zai musanya masa da babba guda, cike da kaya. Malam ya juye gwangwaninsa a aljihu, ya ga kamar bai kai ba, ya bi gidan yana zare na cikin kowace emfi, har ta ƙarƙashin katifa. Ni ina can ƙuryar gida ina wanki. Da la'asar na ji sallamar nan tasa. Ya miƙo min emfin Inna, ya ce ya yi min gata, ya cire ɗan tsohon da ba komai a cikinsa, ya sa min wanda zan shekara ina ji ban ƙure ba.

Na kunna. Wani malami ne yake bayani a kan haƙuri.

Ban yi ƙorafi ba, don in na yi, sai na faɗi dalili. Na dai yi tuwo ba gishiri a miya, washegari na yi da gishiri kamar na jiƙa fata. Malam ya ci duka biyun, yana satar kallona. Ya tambayi ko wa'azin ne bai yi min ba, akwai na wani malamin a ciki mai sanyin murya. Na ce wa'azi lafiya lau.

An yi 'yan makonni a haka. Ran nan da hantsi ina tankaɗe, sai na ji babur ya shigo lungunmu, ba na unguwar ba, da emfi a ɗaure a kansa tana ta ihu. Kiɗa ne na zamani, irin na biki. A tsakiyar kiɗan sai muryar Inna ta fito, ta tambayi duk mutanen lungun da wa suka yi shawara.

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Kafin in kai zaure babur ɗin ya sha kwana. Na tsaya a bakin ƙofa ba mayafi, maƙwabciyata ta leƙo ta ga ni a waje, ta tambaya ko gobara ce.

Daga ranar sai na fara jin ta ko'ina. Mai shayin bakin titi yana sa ta. Masu kai amarya sun wuce da ita. Yara suna wasa a lungu, ɗaya ya ture ɗaya, wanda ya faɗi ya tashi yana kakkaɓe riga yana cewa kai da wa ka yi shawara. Babu wanda ya gane ta, don a waje Inna ba ta taɓa ɗaga murya ba, awakinta da 'ya'yanta kaɗai suka san tana da wannan. Ƙannena kuma duk aure da aiki sun kai su nesa. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da Malam ya shigo yana dariya shi kaɗai, ya tarar da kaza a kan buhun gero, ya tsaya ya riƙe ƙugu ya yi mata tambayar, har da kwaikwayon muryar.

Na ce, "Malam, ka san wa kake kwaikwayo?"

Ya ce wata tsohuwa ce 'yar barkwanci, an ce daga Kano take, har fim za ta fito.

Na ce, "Surukarka ce."

Na ga mutum ya canza kala a gabana. Bai yi musu ba, bai tambaya ba. A hankali ya cire hula, ya durƙusa a tsakar gida kamar yadda yake yi a bayan labulenta. Daga durƙushen ya ce shi ne ma ya roƙi mai shayi ya maimaita ta jiya, kuma ya yi dariya har ya ƙware. Sai na gaya masa sauran: sharar, da zaman, da abin da ta ce a ƙarshe. Ban iya kallonsa ba ina faɗa, bango na gaya wa. Na ce ban damu da kiɗan ba, Inna ta fi ƙarfin kiɗa, ni dai wutsiyar nake so, kuma duk wanda na ji ya wuce da ita, a kan faɗan yake tsayawa ya koma farko.

Ranar kasuwa ya je wurin mai turi, ya dawo da bayani. Ashe in an kawo tsofaffin memori, mai turi yakan saurara kafin ya goge, ko zai dace da waƙar da ba shi da ita. Da ya ji Inna ya yi dariya, ya ajiye a kwamfuta. To shi kuma yana da al'ada, kamar mai gyaɗa ko mai ƙuli, duk wanda ya yi turi sai ya ɗora masa gyara. Sai Inna ta zama gyara. Ka zo a zuba maka karatu, a ɗora maka Inna. Ka zo a zuba maka waƙar Indiya, a ɗora maka Inna. Da farko dukanta yake bayarwa, sai mutane suka ce ƙarshen shara ce kawai, tana cin wuri. Wani abokinsa a Kazaure ya datse wutsiyar ya sa kiɗa, shi ma ya karɓi wannan ya watsar da tsohuwar. Memorin namu kuwa an goge, an sayar, yanzu Allah kaɗai ya san aljihun da yake.

Malam ya ce in ba shi lokaci. Ya rufe keke ya shiga bin kasuwanni, kuma a karon farko a rayuwarsa yana neman abu guda takamaimai. Amma hali ba ya barin mutum. Daga Roni ya kawo wani memori da aka bar masa da sauƙi, a ciki an ƙara wa Inna sauri, muryarta ta koma ta 'yar yaye. Daga Kazaure ya kawo wanda wani ƙato ya shiga ciki yana amsawa a madadin akuyar, yana cewa da lauyansa ya yi shawara. Daga Achilafiya ya kawo wanda babu Inna sam, amma ya ce farashin ne bai iya wucewa ba. Kowanne muka kunna, da muryar ta fito sai ya cire hula ya durƙusa. A titi ma haka yake yi. Mutanen gari suka fara cewa tela ya shiga wata ɗariƙa, don an gan shi ya sauka daga keke ya tsuguna a gaban mai shayi ba dalili.

Mai turi da kansa ne ya aiko daga baya, don shi ma abin ya dame shi da ya ji uwar mutane ce kuma ta rasu. Ya ce ya tuna mutum ɗaya cikin waɗanda suka samu ta farkon, wani dattijo dillalin awaki daga Babura da ya zo sayen dabbobi. Ya tuna shi ne saboda ya dawo wata kasuwar yana tambaya ko akwai wani karatun na matar nan, ko na tumaki ne.

Malam ya tafi Babura, ya dawo da yamma ba sallamar ciniki. Ya samu dattijon, kuma wutsiyar tana nan, ya ji ƙarar tsintsiya da kunnensa. Amma dattijon ya ce ba zai sayar ba, ba zai ba da aro ba, kuma memorin ba ya fita, don emfin tasa tana tofar da shi, shi ya sa ya liƙe bakin da gam. Ya kuma ce shi bai yarda da labarin ba, tun da mutane sun sha zuwa da dabara iri iri, in da gaske akwai 'yar matar, ta zo da ƙafarta.

Na kwana biyu ina kewaya maganar. Babura a wurina kamar Makka take, sai dai ita Makka an ce akwai lada. Ranar kasuwarsu na ɗauko mayafin da nake zuwa gaisuwar rasuwa, muka shiga mota zuwa Kazaure, daga nan muka canza wata. Direban ta biyun ya sa Inna mai kiɗa tun daga tasha. Malam yana matse a tsakanin buhu da wani mai kaji, ba wurin durƙuso, sai ya cire hula ya sunkuyar da kai har muka isa. Wata mata kusa da ni tana dariya tana dukan cinyata, tana cewa wannan tsohuwa Allah ya bar mana ita. Na ce amin.

Karar awaki tana can gefen kasuwa, wari da kuka da ƙura da ihun dillalai. Dattijon yana zaune a kan benci a ƙarƙashin wata bishiya, siriri, da farin gemu, emfin tana rataye a wuyansa da igiya kamar laya. Abin da na fara lura da shi, awakin kowa a ɗaure suke suna fizge fizge, nasa kuwa a sake suke, kuma ba wadda ta matsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya dube ni, ya ce in yi magana ya ji. Na ce, Baba, me zan ce? Ya ce ya isa, ya ji, muryar gidan ce.

Ya yi mana bayani ba tare da ya ga abin dariya a ciki ba. Ya ce shekarunsa duka a cikin awaki ya yi su, bai taɓa ganin wanda ya iya yi musu magana kamar baiwar Allahn nan ba. In suka fara rashin ji ya kunna, sai su tsaya cak, kowacce ta ɗauka da ita ake. In aka zo shara su yi ta tuƙa. In muryar ta sauka a ƙarshe, sai su kwanta. Ya ce masu kiɗan nan sun lalata magani, sun ɗauki ɗacin sun zubar da zumar, akuya kuwa in ka yi mata faɗa ba ka lallashe ta ba, gobe sai ta ci abin da ya fi sabulu. Da na ce masa ta rasu, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, ya ce ya yi rashin abokiyar aiki.

Malam ya gyara zama, na gane zai fara ciniki. Ya taya emfin, dattijon ya ce albarka. Ya ce zai ba shi sabuwa dal ya ɗora masa memori, dattijon ya ce albarka. Ya ce to a kira mai gyara ya ɓamɓare gam ɗin a kwafa a mayar, dattijon ya dafe abin a ƙirjinsa ya ce in aka taɓa ta mutu, wa zai riƙe masa dabbobi, tela? A rayuwata ban taɓa ganin ciniki ya gagari Malam a kasuwa ba sai ranar.

Ni ce na ce, yadda ta shiga ta farko haka za ta shiga ta biyu. A kunna tasa, mu kara tamu a bakinta mu danna jan maɓalli. Dattijon ya yi tunani ya ga ba abin da zai ragu a tasa, ya yarda. Malam ya fito da emfin Inna daga aljihu. Tun da aka canza mata memori jan maɓallin ya lalace, ba ya ɗauka sai an danne shi da yatsa ba a saki ba. Dattijon ya ƙi cire igiyar daga wuya. Don haka Malam ya durƙusa a gabansa, hula a ƙasa, ya kara emfi a ƙirjin tsoho kamar likita, babban yatsa a kan maɓalli. Ni na tsuguna a gefe na ja mayafi.

Aka kunna. Inna ta tambayi akuya ko an hana ta dusa.

Awakin suka ɗago kai gaba ɗaya. Na maƙwabtan dillalai ma suka daina fizga. Mutane suka fara taruwa, don ganin mutum durƙushe yana auna ƙirjin dattijo ba abin wucewa ba ne. Wani ya ce ai wannan ce ta cikin mota, ina kiɗan? Dattijon ya ɗaga masa sanda, ya yi shiru. Aka bi ta kan uwar da aka sayo a Roni, da uban da ba shi da asali. Duk inda Inna ta yi tambayarta, sai wata akuya a cikin garken ta amsa, jama'a su tuntsire. Gumi yana bin wuyan Malam, ya raɗa min cewa yatsansa ya fara mutuwa. Na ce ya mutu bayan shara.

Sharar ta fi yadda na san ta tsawo. Masu kallo suka gaji suka fara watsewa. Wani ya zo taya wata jar akuya, dattijon ya yi masa alama da hannu ya jira, mutumin ya tsaya yana jin tsintsiya tare da mu bai san dalili ba. Sai gwiwar Inna ta yi 'yar ƙararta. Ta sauke numfashi. Awakin suka fara naɗe ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce awakin mutane duk sun tafi kiwo. Sai ta kira ni.

Ban shirya ba. A ɗaki ni kaɗai ban taɓa amsawa ba, saurara kawai nake yi. Amma a nan, a tsakiyar kara, cikin maza, na ji bakina ya ce, "Na'am, Inna." Kuma a daidai lokacin wata ƙatuwar akuya baƙa da ke kwance a ƙarƙashin bencin, wadda ban ma lura da ita ba, ta miƙo wuya ta amsa da iyakar ƙarfinta.

Malam bai saki maɓallin ba sai da aka gama maganar sabulu. Sannan ya zube zaune yana yarfa hannu. Dattijon ya shafa kan baƙar akuyar, ya ba ni haƙuri. Ya ce wannan ba ta fita kiwo, kullum tana gindin bencinsa, ko kasuwa sai an ɗauko ta a amalanke, shi ya sa da ya ji sunan a bakin matar ya ga ya dace da ita, ya sa mata. Ya ce bai san mai sunan tana raye ba, kuma yanzu ta saba, ba zai iya canzawa ba.

Malam ya ce a sake ɗauka, a janye akuyar nesa, ni kuma in daure in yi shiru, a samu mai tsabta. Ya ce zai canza yatsa. Dattijon ma ya ce ba komai, batir ɗinsa da saura. Na dubi akuyar, ta dube ni, tana tuƙa a hankali, jikinta duk ya baje a inuwa. Na ce a bar shi haka.

Sai Malam ya taya akuyar. Dattijon ya ce albarka tun kafin ya rufe baki.

A mota ban kunna ba. Sai da muka dawo gida, na cire mayafi, na hura wuta, na ɗora ruwa, na zauna a inda na saba, sannan na danna. Komai ya shiga: ihun dillalai, dariyar mutane, numfashin dattijo, Malam yana cewa yatsansa ya fara mutuwa. Muryar Inna tana can ciki, ta ɗan yi nisa kamar daga bayan katanga take magana, amma ita ce. Na bi faɗan, na bi sharar. Ta kira, muka amsa mu biyu.

Da na ƙara saurara da kyau, sai na ji ashe ba tare muka amsa ba. Akuyar ta riga ni da kaɗan.

Har yau in gida ya yi shiru da rana nakan kunna. In an zo wurin nakan ajiye abin da ke hannuna, in gyara zama, in buɗe baki tun gwiwarta na ƙara, don in riga ta. Wani lokacin ina samu.